Bindigar da Na Zaɓa wa Ƙanena

Ni na ce wa ƙanena ya saya. A gidanmu har yau in zancen ya taso sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, kuma na san don a rage mini nauyi ake faɗar haka. Na yi imani da ƙaddara. Amma ta bakina ta biyo, kuma yatsu biyu na hannunsa na hagu suka tafi.

Gonarsa tana gindin dutse a ƙasar Ningi. Birai kan sauko wa masara tun tana goyo, mugun dawa kuma ya bi dare ya tone gyaɗa. Ya gaji da bindigar toka ta mahaifinmu, wadda kafin ka ɗura albarushi ka danna, garken ya haye dutse. Sai ya tara kuɗin wake, yana son mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a zura harsashi. Aka kawo masa guda biyu. Ɗaya tsohuwa ce, ƙotarta ta koɗe, ƙarfen ya yi fari don shafar hannu. Ɗayar sabuwa fil, sai ƙyalli take yi, an buga mata sunan wani shahararren kamfanin Turai, kuɗinta kuwa bai kai rabin na tsohuwar ba. Mai sayarwar bai ɓoye ba, ya ce kwaikwayo ce, amma duk abu ɗaya ne, suna kawai mutane ke saya da tsada.

Ƙanena ya miƙo mini ita ya ce, “Yaya, kai ka yi karatu, ka san abubuwan nan. Duba mini.” Abin da ya kamata in ce shi ne ban san ƙarfe ba. Ban faɗa ba. Na karya ta, na mayar, na ji ta kama ƙam. Na leƙa bututun a hasken rana na ga ba tsatsa. Muka fita bayan gari muka harba ta a jikin wani kututture, ta tashi lafiya. Na ce masa ya saya, ragowar kuɗin ya sa a taki.

Ina da hujjata a lokacin, kuma ba duka ce ta banza ba. Na san cewa bindigogi da yawa da ake girmamawa a duniya kwaikwayo ne. A 1974 kamfanin Beretta na Italiya ya sami kwangilar yi wa sojojin Brazil ƙananan bindigogi, ya kafa masana'anta a Sao Paulo. Da kwangilar ta ƙare, a 1980 ya sayar wa kamfanin Taurus masana'antar da injinanta, daga nan PT92 ta fito, wadda take kamar Beretta 92 sak, kuma ta fi ta araha. Remington 870, wadda ta fito a 1950, masana'antun China sun daɗe suna yin irinta, mafarautan Amurka kuma suna saye. A garin Huglu na lardin Konya a Turkiyya akwai masu ƙera bindigogin farauta da suka kai har kamfanin CZ yana karɓar aikinsu yana sayarwa da sunansa. Da waɗannan na dogara na ce araha ba laifi ba ce.

Abin da ban lura da shi ba, duk waɗannan da na lissafa mai su ya sa sunansa da garinsa a jikinsu. Ya ari fasali, bai ari suna ba. In ta fashe, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wadda ke hannuna kuwa sunan wani ta ɗauka, wanda ya yi ta ya ɓoye kansa. Mutum ba ya ɓoye sunansa daga aikin da ya amince da shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa in ajiye ta, amma ni sunan ne ma ya ƙara kwantar mini da hankali, duk da an gaya mini na ƙarya ne.

Damina ta biyu ta fashe. Da asuba ne, ya auna wani mugun dawa a bakin gona, ya ja kunama, bututun ya tsage daidai inda hannun hagu ke tallafe. Allah ya kiyaye idanunsa.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Bindigar ba ta da takarda. Dokar makamai ta 1959 ta ce irin wannan sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka ma ana iya hana riƙe ta ba lasisi da umarnin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na san haka tun farko, na ce za mu nema daga baya, ba mu nema ba. Da aka kawo shi jina-jina, tsoron tambayoyi ya kama ni, na ce a kai shi wani kemis a ɗaure hannun tukuna. Sai da hannun ya kumbura ya fara wari muka nufi asibiti. Likita ya ce da an zo da wuri, da wataƙila an ceci yatsa ɗaya. Alhali tun ƙarshen 2017 akwai doka a ƙasar nan da ta tilasta wa kowane asibiti karɓar mai raunin bindiga nan take, ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ko da babu dokar, hannun ɗan'uwana ya fi ƙarfin kunyar da nake gudu. Duk wanda ya karanta wannan, in irin haka ta faru, ya wuce asibiti kai tsaye.

Bayan an sallame shi na ɗauki ragowar bindigar na kai wa wani dattijo da ya ƙare rayuwarsa a gyaran bindigogin mafarauta. Ya juya ta, ya kankare fentin da wuƙa, ya nuna mini wani siririn layi da ya bi tsawon bututun. Ya ce, “Malam, wannan ai ɗinki ne. Bututun famfo ne aka yi wa kwalliya.” Sannan ya zura ma'auni a mazaunin harsashi. A jiki an rubuta 76, wato milimita 76, amma ramin bai wuce 70 ba. Wanda ya yi ta ya kwafi lambar yadda ya kwafi sunan, bai damu da abin da take nufi ba.

Ya yi mini bayanin abin da ban taɓa sani ba. Tsawon da ake rubuta wa harsashi tsawonsa ne bayan an harba, lokacin da bakin kwanson ya buɗe. Shi ya sa dogon harsashi kan shiga gajeren mazauni lafiya lau, bindiga ta rufu, ba abin da zai nuna maka matsala. Sai an harba bakin ya rasa wurin buɗewa, ya matse hanya, ƙarfin ya ƙaru. Ƙanena ya bi abin da ke rubuce, ya sayi harsashin da lambar ta ce. Kowane harbi yana ƙara buɗe ɗinkin nan kaɗan-kaɗan. Gwajin da na yi a jikin kututture bai gwada komai ba, ɗaya ne kawai daga cikin harbe-harben da suka kai ta ga fashewa.

Na tambaye shi ko laifin maƙeranmu ne. Ransa ya ɓaci. Ya ce maƙerin da ya ƙera ta toka bai yaudari kowa ba, ya yi ta don albarushi, wanda ƙarfinsa bai kai na garin da ke cikin harsashin kanti ba, kuma in ta sami matsala ka san maƙerarsa. Mayaudari shi ne wanda ya ɗauki ƙarfen da bai kai ba ya yi masa shigar Turai.

Daga baya na karanta yadda ake gwajin gaskiya. A Ingila majalisa ta kafa gidan gwajin bindigogi na Birmingham tun 1813, kuma laifi ne a can a sayar da bindigar da ba a gwada ba. A 1914 wasu ƙasashen Turai suka kafa hukumar C.I.P. don daidaita wannan aiki tsakaninsu. Ana harba kowace bindiga da harsashi na musamman mai ƙarfin da ya ɗara na yau da kullum da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, a sake auna ta, sannan a buga mata ƙaramin hatimi a gindin bututu. Tsohuwar da na raina don ta koɗe, ko leƙa gindinta ban yi ba.

Hatimin ma ana kwaikwayonsa, shi ya sa ido kaɗai ba ya isa. A garin Darra Adam Khel na Pakistan, tsakanin Peshawar da Kohat, an fi shekara 100 ana ƙera bindigogin Ingilishi da hannu, irin su Martini-Henry da Lee-Enfield, har da tambarinsu. Masu tara tsofaffin makamai kan gane su ta wurin harafin N da aka juya a baibai, ko tambarin Sarauniya Biktoriya haɗe da shekarar da ta zo bayan 1901, lokacin da ta riga ta mutu. Gwanaye ne na gaske a hannu, amma gwanintar hannu ba ta canza irin ƙarfen da aka samu.

Don haka in an tambaye ni yau ko kwaikwayo ya cancanci saye, ba na cewa a'a gaba ɗaya. Wanda masana'anta sananniya ta yi, ta sa sunanta da lambarta, aka shigo da shi ta hanyar da za a iya yi masa lasisi, yana iya yi wa manomi aiki shekara da shekaru, ko da katakonsa bai yi kyau ba, ko kunamarsa ta yi tauri. A irin waɗannan wurare ake rage kuɗi ba tare da an cuci kowa ba. Wanda ya ɗauki sunan wani kuwa, a bututu da maƙulli aka rage kuɗinsa, inda mai saye ba ya gani, kuma inda fuskarsa da hannunsa suke.

Bara wani ɗan ƙanwar mahaifiyarmu ya zo mini da irin wannan ciniki, ya ce, “Yaya, duba mini.” Na ce masa ban iya ba, na raka shi wurin dattijon, na kuma ce kada ya biya ko kwabo sai maganar lasisi ta kammala. Dattijon ya kankare, ya auna, ya girgiza kai. Yaron ya mayar wa mai ita. Da kuɗin ya sayi waya ya kewaye ɓangaren gonar da ke kallon dutse, ya samo karnuka biyu, ya kuma ɗauki wani matashi da ke kwana a rumfa har aka cire masara.