Kasuwar da Tsadar Albasa ta Kafa

'Yar'uwa, in Allah ya kai ki birnin Siyatil, can arewa maso yammacin Amurka a bakin teku, kada ki komo ba ki shiga kasuwar Pike Place ba. Bisa tudu take, kina ciniki kina hangen jiragen ruwa daga ƙasa.

Ki yi sammako. Da shigarki za ki ji ihun masu kifi. In mai saye ya zaɓa, sai yaron da ke gaba ya ɗauki kifin, wani ya kai tsawon hannu, ya wurga wa na bayan tebur, shi kuwa ya cafe ya naɗe. Baƙi sukan cika wurin su tare hanya. Ke dai ki ɗan kalla ki wuce, gama abin da ya kawo ki yana gaba, watau rumfunan manoma.

Ga asalinsu. Tsakanin 1906 da 1907 kuɗin albasa ya ninka har sau goma a garin, domin dillalai sun shiga tsakanin manomi da mai cefane. Manomi na kuka, uwargida na kuka, na tsakiya na cika aljihu. Sai wani ɗan majalisar gari, Thomas Revelle, ya nemi a keɓe wurin da manomi zai sayar da amfaninsa da hannunsa. Ran 17 ga Agusta, 1907, aka buɗe. Manoma kaɗan ne suka zo da kekunan doki, mutanen gari suka yi musu caa, kafin rana ta yi tsaka kaya sun ƙare.

Kasuwar ta ga wahala kuwa. Cikin 1942, lokacin yaƙi, hukuma ta kwashe manoma 'yan asalin Japan ta tsare su a sansani, alhali su ne mafi yawan masu rumfa. Daga baya aka so rushe ta a yi manyan gine-gine, amma cikin 1971 mutanen gari suka jefa ƙuri'a suka hana.

Yau za ki tarad da 'yan ƙabilar Hmong, waɗanda asalinsu daga Laos ne, suna ɗaura furannin gonakinsu dami dami. Ba a cika tayi ba kamar a kasuwanninmu, kuɗin kaya a rubuce yake. Amma ki tambayi mai rumfa ina gonarta take, za ta gaya miki.