Ka Sa Sabon Takalmin Birki, Saura Gwaji

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu tsofaffin motoci da yawa suka koma makanikan kansu. Wanda a da ko mai ba ya iya aunawa, yau za ka tarar da shi ran Asabar a ƙofar gida, ya ɗaga mota a jak, sufana a hannu. Ni ma ina cikin wannan ayari, domin albashin ɗan jarida ba ya ɗaukar zuwa gareji kan kowane ƙaramin abu. Cikin ayyukan da mutum kan fara koya kuwa har da canjin takalmin birki, gama ba shi da wuyar gani: noti biyu, a zare tsoho, a zura sabo. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, mayar da taya ba shi ne ƙarshen aikin ba. Birki ba a shaidarsa da ido, sai da ƙafa, kuma tun mota tana tsaye.

Sabon takalmi ya fi tsoho kauri, don haka ba ya shiga sai an tura fistin ɗin kalifa baya. Idan an gama, akan bar ɗan rata tsakanin fistin da takalmi. Saboda haka takawar farko feda kan tafi har ƙasa ba ta kama kome ba. Wannan ba lalacewa ba ce, amma ta isa ta sa mutum ya afka wa katangar maƙwabci, ko yaron da ke wasa a bayan mota. Maganinta shi ne a yi ta taka feda a hankali, rabi-rabi, har ta yi tauri, kafin a taɓa giya. Na ce rabi-rabi domin a tsohuwar mota, can ƙuryar masta inda robobi ba su saba kaiwa ba, tsatsa da datti kan taru, idan aka danna har ƙasa sai su yage robar. Mutum ya zo canjin takalmi, ya ɓuge da sayen masta.

Wani abokin aikina a ɗakin labarai ya yi nasa canjin, ya zo yana cewa feda ta zama kamar soso, in ya taka sau biyu sau uku ta kama, in ya bari ta sake laushi. Muka tafi wajen wani dattijon makaniki a Agege, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo 504. Bai buɗe kome ba tukuna, sai ya tambaya, "Malam, ka kwance ɗan notin nan na jikin kalifa?" Abokina ya ce, "Na kwance, Baba, don fistin ya ƙi komawa." Dattijo ya ce, "To, iska ta shiga."

Bayanin a taƙaice ke nan. Birki yana aiki ne domin mai ba ya matsuwa. Ƙarfin da ƙafa ta sa a feda shi ne ke isa ga taya ta cikin bututu. Iska kuwa tana matsuwa, sai ta shanye takawar. Dole a fitar da ita, mutum guda yana taka feda, guda yana buɗe notin yana rufewa, a yawancin motoci a fara daga tayar da ta fi nisa da masta, ana kuma lura kada man da ke cikin gwangwani ya ƙare.

Akwai wata alamar da ta fi wannan muni, kuma mutane kan rikita su. Ka taka feda, ka riƙe da ƙarfi ɗaya kamar rabin minti. Idan ta tsaya cak, madalla. Idan tana nutsewa sannu a hankali, to, ko dai mai yana yoyo a wani wuri, ko robobin masta sun saki. A duba bayan kowace taya da jikin tiyo ko akwai danshi. A nan ni dai ra'ayina, aikin gida ya ƙare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, ba a kuwa koyon gyaran masta a kan gadar Third Mainland. Amma ɗan saukar da feda kan yi daidai lokacin da aka ta da inji ba laifi ba ne, na'urar da ke taimakon ƙafa ce ta kama aiki.

Ƙara ita ce ta fi damun mutane, alhali sau da yawa ita ce mafi sauƙi. Sabon takalmi bai san tsohon faifai ba, sai sun goge juna sun daidaita. A sami hanyar da ba kowa, a kai kilomita 50 ko 60, a taka a sauko kusan 10 ba tare da an tsaya ba, a maimaita kamar sau takwas, sa'an nan a yi ta tafiya birki ya huce. Ɗan cicciyar da ta rage bayan wannan, galibi siraran ƙarafan bayan takalmi ne ba su zauna ba. Gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa dabam take, tsayawa ake yi nan take, domin an sha ganin wanda ya sa takalmi a juye, bayansa yana cin faifai.

Idan mota tana ja gefe guda in an taka, ko taya ɗaya tana zafi tana warin ƙuna bayan 'yar tafiya, kalifa ce ba ta sakin faifai. A duba sandunan nan biyu da take zamewa a kansu. Kan bushe su cije. Giris na birki ake shafa musu, ba na gama-gari ba, wanda ke kumbura roba. A duba tiyo kuma, ko ya murɗe wajen mayarwa, ko an bar kalifa tana reto a jikinsa. Ba a canza takalmin ɓangare ɗaya a bar ɗaya, ko da kuɗi sun yi kaɗan. Sitiyari mai rawa kuwa daga faifai ne ko notin taya da aka ɗaure ba daidai ba, kuma kowane faifai an rubuta mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Wani abin da kan ba sababbin hannu mamaki: a motoci da yawa fistin ɗin baya murɗa shi ake yi ya shiga, ba turawa ba, saboda birkin hannu yana cikinsa.

Saura man birki, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Yana tsotsar ruwa daga iska, balle a gari mai laima irin Ikko. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. A cikin gari ba za ka ji bambanci ba. Sai ran da ka ɗauko iyali kana sauka Hawan Kibo a hanyar Jos, ƙafa a kan birki, mai ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa da sabon takalminka da kome. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a juye shi kamar duk shekara biyu, a kuma sauka gangare da ƙaramin giya. Nau'in da motarka ke sha yana rubuce a kan murfin gwangwanin, kuma kwalbar da aka daɗe da buɗewa ba a ƙara ta a ciki.