Habasha Tsakanin Gicciye da Hasumiya

Duk Bahaushen da ya zauna gaban malami ya ji labarin Habasha, ƙasar da Sarki Najjashi ya sauki sahabban Manzon Allah (SAW) lokacin da Ƙuraishawa suka matsa musu lamba. Na isa Addis Ababa a watan Janairu, na tarar ana bikin Timkat, wanda mabiya cocin Orthodox ke yi don tunawa da baftismar Annabi Isa a kogin Urdun.

Gari ya yi fari fat da tufafi. Limaman coci na ɗauke da tabot a ka, wato allunan da ke wakiltar Akwatin Alkawari, an lulluɓe su da ƙyalle mai ado, an buɗe musu manyan laimomi, ganguna na tashi, mata na rangaɗa guɗa. Ko'ina ka duba launukan tutar ƙasa ne, kore da ruwan ɗorawa da ja, a kan tituna da kawunan samari. A wurin masu wannan biki, son addini da son ƙasa a tukunya ɗaya aka dafa su.

Suna da hujjarsu. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4. Cocin ce ta adana harshen Ge'ez da baƙaƙensa, waɗanda da su ake rubuta Amharic har yau. Da Sarki Menelik na Biyu ya fita yaƙin Adwa a 1896, inda ya karya sojojin Italiya, da tabot ɗin Waliyi Giyorgis aka je fagen daga. Tsarin mulkin Sarki Haile Selassie na 1955 kuwa ya ayyana cocin Orthodox a matsayin cocin gwamnati.

Da na shiga kasuwar Markato sai na ga wata Habashar. Babban Masallacin Anwar na maƙwabtaka da cocin Raguel, ana jin kiran salla da waƙoƙin ibada a unguwa ɗaya. Ƙidayar 2007 ta nuna mabiya Orthodox kashi 43.5 ne cikin ɗari, Musulmi kashi 33.9, 'yan Furotesta, waɗanda ake kira Pente, kashi 18.6. Firaminista Abiy Ahmed kansa ɗan Pente ne, mahaifinsa Musulmi, mahaifiyarsa 'yar Orthodox.

Doka ta daɗe da amincewa da wannan gaskiya. Bayan sojoji sun hamɓarar da Haile Selassie a 1974, an raba coci da gwamnati, aka fara ba da hutun Sallah. Sashe na 11 na tsarin mulkin 1995 ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma. Sai dai zukata ba su gama bin doka ba. Musulman Aksum sun shafe shekaru suna neman izinin gina masallaci a cikin garin, an hana, saboda Kiristoci na ɗaukarsa birni mai tsarki. A azumin 2021 an yi taƙaddama kan buɗe-baki a dandalin Meskel da ke Addis Ababa. An ƙona coci-coci a Jijiga a 2018, an kashe Musulmi a Gondar a 2022. Kowane ɓangare yana da gawarsa da kukansa.

Habashawa na yawan maimaita wata magana da ake dangantawa da Haile Selassie, cewa addini na mutum ne, ƙasa kuwa ta kowa ce. Ni dai abin da na gani ya tabbatar mini cewa babu wanda ya isa ya goge rawar da coci ta taka wajen gina Habasha, kuma zalunci ne a yi ƙoƙarin haka. Zalunci ne kuma a mayar da wannan tarihin takardar mallaka, alhali fiye da rabin 'yan ƙasar ba 'yan cocin ba ne. Habasha za ta zauna lafiya ranar da Musulmin Aksum da Kiristan Jijiga kowa ya yi ibadarsa a garinsu ba tare da fargaba ba.