Fiton da Ke Cikin Rediyo

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa kunna rediyo da dare, kana tsakiyar jin labarai, sai wani siririn fito ya rufe muryar mai magana? Wannan fito ya kusa raba wani dattijo da akuyarsa a nan Ollelewa.

Wata ranar kasuwa na gamu da shi yana jan akuya. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Malam, rediyona ya lalace, fito yake kamar iskar hunturu. Ga damina ta matso, ina son jin labarin ruwa da farashin hatsi. Zan sayar da ita in sayi sabo." Na roƙe shi ya dakata.

Ga yadda abin yake. Kowace tasha tana da gurbinta, su ne lambobin da kake gani a fuskar rediyo. A gajeren zango, tsakanin gurbi da gurbi kilohaz 5 ne. Da dare muryoyin tashoshin nesa suna isowa Damargu da ƙarfi. In biyu suka shigo tare, sai su gogi juna, gugar ta haifi fito. Sabon rediyo ma zai iya yin haka.

A Damagaram na ga maganinsa wurin wani abokina mai sha'awar rediyo. Yana da ƴar na'ura kamar yatsa, wadda yake haɗawa da kwamfuta da eriya. Sauti yana fitowa a allo kamar zane. Maganar mutum tana da faɗi, daga girgiza 300 zuwa 3,000 a daƙiƙa. Fito kuwa layi ɗaya ne siriri. Sai ya ɗora wani mataci daidai kan layin, ya yanke shi. Nan take fiton ya ɓace, magana ta saura. In ƙuda ya faɗa cikin fura, ai da ludayi ake cire shi, ba a zubar da ƙwaryar duka.

Amma matacin ba ya maganin ƙugi, irin wanda cajar waya take jawowa, don shi ƙugi ya bazu ko'ina. Maganinsa ka nisanta rediyo da cajar.

Mu ba mu da kwamfuta, amma muna da dabara. Da dare na je gidan Baba. Muka murɗa mabuɗin tasha kaɗan-kaɗan, muka rage tsawon eriya, fiton ya ja baya. Na nuna masa cewa manyan tashoshi sukan watsa shiri ɗaya a gurbi biyu ko uku. Ya rubuta lambobin da hannunsa a bayan littafinsa.

Akuyar tana nan, bana ta haifi biyu. Kai ma, kafin ka kai dabbarka kasuwa saboda fito, gwada wannan tukuna.