Wasan neman kalma a fadarmu ta salula

Mai karatu, duk wanda ya taɓa zama a bencin lakwal a ƙasar nan ya san abin da ake kira dikte, ya kuma san cewa harafi guda in ya kuɓuce a kalmar Faransanci, to, jan bik ne zai biyo baya, wani lokaci har da tsumagiya. Shi ya sa da yawa daga cikinmu har gobe ba mu manta ƴar hular da ake ɗora wa harafin e ba, ba mu kuma rasa s na jam'i, wanda ko furta shi ba a yi. Amma a ce da mu mu rubuta wasiƙar layi biyar da harshen da muka sha a nono, sai ka ga kowa ya kama tasa hanya, kamar tumakin da makiyayinsu ya yi barci. Na daɗe ina jin wannan magana a bakin masana. Abin da ya sa na taɓa ta da hannuna kuwa wani ɗan wasa ne da muke yi kowane dare a zaurenmu na WhatsApp, wanda muke kira fada, ko da yake babu tabarma, babu butar shayi.

Asalin wasan ba namu ba ne. Wani injiniya mai suna Josh Wardle, mutumin Birtaniya mazaunin Amurka, shi ya ƙago shi don abokiyar zamansa, ya sa masa suna Wordle, sannan ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba na 2021. Kafin watan Janairu na 2022 ya ƙare, jaridar New York Times ta saye shi. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: akwai ɓoyayyar kalma mai haruffa 5, kana da damar gwaji sau 6. Harafin da ya faɗa daidai gurbinsa sai ya yi kore, wanda yake cikin kalmar amma ba nan ne mazauninsa ba sai ya yi rawaya, wanda babu shi sam sai ya yi toka-toka. Kalma guda ce a yini, kuma ita ce ga kowa a duniya. Masu Faransanci ma ba a bar su a baya ba, suka fito da Sutom, wato sunan Motus ne aka juya, tsohon wasan talabijin na Faransa da aka yi ta nunawa daga 1990 zuwa 2019.

Da Sutom muka soma. Mu tsofaffin ƴan aji ɗaya ne na wata kwaleji a Maradi, yau mun watsu: wasu a Yamai, wasu a Damagaram da Tawa da Agadas, ɗaya yana kasuwanci a Kano, ɗaya a Kumasi, biyu a Faransa. Daga baya mata da ƙanne da maƙwabta suka shigo. Kowa ya samo kalmar ranar sai ya aiko da ƴan akwatunansa masu launi, a yi masa barka ko a yi masa ba'a. Wata uku ana haka babu gardama ko ɗaya, domin na'ura ce alƙali, ita kuwa ba ta jin lallashi. Sai wani dare wata ƴar'uwarmu, ungozoma, ta ce: “Yayyena, wai mu har mu mutu da harshen mutane za mu yi ta wasa? A gwada da namu mana.” Aka amince. Muka tsara cewa kowane dare bayan lisha mutum guda zai riƙe kalma a ransa, sauran su yi ta jefo nasu, shi kuma yana maida musu amsa da akwatunan kore da rawaya da baƙi da hannunsa. Muka ara wa wasan wata tsohuwar al'ada ta kacici-kacici: in gwaji shida ya ƙare ba a gano ba, sai a ba mai kalma gari, ya zaɓa ya ci, sannan ya fasa ƙwan. Akwai wanda ya ci Birnin Ƙonni sau uku.

Daren farko ma bai ƙare lafiya ba. Mai riƙon kalma ya ɓoye shayi. Da aka gaza ya faɗa, sai wani tsohon mushe da ya koyar a makarantun gwaji, irin waɗanda aka soma buɗewa a Damagaram a 1973 don karantar da yara da harshen gida, ya ce ai wannan kalma haruffa huɗu gare ta, domin sh baƙi guda ne, haka ma ts, kamar yadda masana suke lissafawa. Mai kalma ya ce shi dai sau biyar ya danna allon wayarsa. Kafin a rabu da wannan, wani ya ce shi a saninsa chayi ake rubutawa. Kada mai karatu ya yi masa dariya. Mutumin da ya tashi yana karanta Tahoua da Tessaoua da Dogondoutchi a allunan bakin hanya, wanda takardar haihuwarsa ta ce sunansa yana ɗauke da ou da tch, ina laifinsa in ya rubuta tchoukou, haruffa takwas, a inda cuku mai huɗu ya isa? Haka aka koya wa idonsa.

Aka yanke cewa gurbi ake ƙirgawa, ba sauti ba, wato sh gurbi biyu ne a wasanmu. Mushe ya karɓa, amma ya ce a rubuta cewa bai yarda ba.

Rigima ta biyu ta haruffa masu ƙugiya ce. Wani ya ɓoye ƙwari, aka jefo masa kwari, ya ba da kore huɗu da baƙi ɗaya a farko. Wanda ya jefo ya rantse cewa ya ci, domin a wayarsa k ɗaya ce. A nan kam na tsaya tare da mai kalma, kuma har yanzu ina nan. Kwari wuri ne mai gangare inda ruwa yake kwantawa, ƙwari kuwa su ne masu cinye hatsi a rumbu; wanda ya ce ɗaya ne, sai ya gwada gaya wa manomi. Da can akwai uzuri, lokacin da keken rubutu na ofis ba shi da waɗannan haruffa, sai an gama bugawa a bi da bik ana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuwa akwai allon rubutu na Hausa da ake sa wa waya kyauta, ka danne k ko b ko d ko y ka ɗan jima, mai ƙugiyar ya fito. Cikin mako guda kowa a fada ya koya, har da waɗanda suka shekara ashirin suna aika saƙo ba su san da haka ba. Sai ɗan kasuwarmu na Kano ya tada wata: shi a can 'y yake gani a littattafai, mu kuma ƴ muke rubutawa, kamar yadda dokar 1999 ta tsaida baƙaƙen Hausa a Nijar. Wannan ba ta yi zafi ba, gurbi ɗaya aka ba su duka biyun.

Wadda ta yi zafi ita ce ta zamna. Wani ɗan'uwanmu Ba'adare, direban babbar mota, shi ke riƙe da kalma a daren. A gwaji na uku aka jefo zauna, ya maido kore, kore, baƙi, kore, kore. Aka bi haruffa ana canza na tsakiya har dama ta ƙare, aka ba shi gari, ya ce zamna. Nan take na Kano ya rubuto cewa wannan ba kalma ba ce, karyewar harshe ce ta mutanen ƙauye. Mai karatu ya san inda irin wannan magana take sauka. Direba ya aiko da saƙon murya mai tsawon minti huɗu, wanda ba zan maimaita shi a jarida ba, ƙarshensa dai ya ce: “Alhaji, da wannan halshe uwata ta yi mini reno, in ba Hausa ba ne ka gaya mini mine ne.” Ya fice daga fada. Kwana tara babu wasa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ilimi yana bayan direba. Masu nazarin tarihin harshen sun nuna cewa zamna da sabka da amre su ne tsofaffin siffofi, waɗanda Hausar yamma, ta Adar da Gobir da Katsina da Sakkwato, ta riƙe. A Kano ne baƙin ƙarshen gaɓa ya narke ya koma u, aka samu zauna da sauka da aure. Wato wanda aka kira mai karya harshe shi ne mai ajiyar kayan kaka. Mushe ne ya bayyana wannan, ya haɗa da hoton shafin ƙamus. Shi kuma na Kano, da yake mutumin kirki ne, ya ɗaga waya ya kira direba yana kan hanyar Gaya, suka shirya.

Amma tambayar da ta haifi faɗan ba ta tafi ba: wane ne alƙali? Shi Wordle, cikin kalmomin Ingilishi masu haruffa biyar kusan 13,000, an tace kimanin 2,300 ne a matsayin amsoshi, kuma abokiyar zaman mai wasan ce ta zauna ta ware waɗanda ta sani. Masu Scrabble na Faransanci suna da littafinsu na Larousse, abin da ya shiga ciki ya halatta, abin da bai shiga ba ya haramta, ko kai wane ne. Mu ma ba mu rasa ƙamusoshi ba. Akwai na Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39,000, wanda ma yakan nuna cewa kalma kaza ta Katsina ce ko ta Sakkwato. Akwai na Abraham na 1949, akwai ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini na 1987, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai kowanne da inda ya tsaya. Wanda aka rubuta a 1934 ba zai san salula ba. Wanda aka tsara a Kano ba dole ne ya san mushe da lakwal da otogar ba, alhali kuwa babu yaron da zai ce maka bai san su ba daga Dosso har Gure. In mun karɓi biro da tasha saboda sun shigo ta ƙofar Ingilishi, da wace hujja za mu kori bik da otogar don sun shigo ta ƙofar Faransanci?

Dokar da muka kafa a ƙarshe ta shaidu ce, irin ta kasuwa. Kalma tana halatta in tana cikin ɗaya daga ƙamusoshin nan, ko kuma in mutum biyu daga garuruwa daban suka shaida cewa sun ji ta a bakin manya, suka kuma faɗi ma'anarta ba tare da sun haɗa baki ba. Ba cikakkiyar doka ba ce, amma tana aiki, kuma ita ce ta sauya wa wasan fuska. Da mutane suka ga cewa tsohuwar kalma tana cin gari, sai kowa ya koma tonon rumbun gidansu. Wani tsohon ma'aikacin gandun daji ya azabtar da mu da kalgo da aduwa da ƙirya da gamba. Matan fada suka rama da surfe da gumba da tsaki, suna dariyar mazan da suka ci tuwo shekara hamsin ba su san matakan da hatsi yake bi kafin ya iso akushi ba. Direba ya kawo salka da taiki da tandu, kayan fatake na zamanin jaki da raƙumi. Daren da aka fasa tandu, ɗaya daga cikin na Faransa ya rubuto cewa ɗiyarsa mai shekara goma sha biyu, wadda take bin wasan a wayarsa, ta tambaye shi ma'anarta, sai da ya kira tsohuwarsa a Tibiri ta kwatanta musu ƴar battar fata da ake zuba mai ko kwalli. Hirar, in ji shi, ta kai sa'a guda, kuma ita ce mafi tsawo da jika da kaka suka taɓa yi.

Akwai wani malami a cikinmu, yayan ungozoma, wanda bai yi boko ba, allo ya yi. Da murya yake jefo kalmarsa, ƙanwarsa ta rubuta. Shi ya taɓa yi mana wata tambaya da ta rufe bakin kowa. Ya ce: “Ku ƴan boko, garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, yaya kuke bambanta su a rubuce?” Muka ce ba ma bambantawa, jimla ce take nunawa. Ya ce to shi a ajami alif yake sa wa na tuwo, domin wasalinsa dogo ne, na zama kuwa babu. Haka yake. Boko ya bar tsawon wasali da karin sauti a hannun mai karatu, shi ya sa fari na launi da fari na rashin ruwa suke sanye da riga ɗaya. A wasan da ake ƙirga harafi, wannan gata ne ga mai ɓoye kalma, domin yakan ci gari da ma'anar da babu wanda ya yi zato.

A watan Maris na 2025, kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ba siyasar abin ce ta dame ni a nan ba. Abin da na lura da shi shi ne, gardamar da mutum talatin suke yi don nishaɗi bayan lisha, ita ce za ta sami duk akawun da aka ce ya rubuta takarda da Hausa, da duk mushen da zai ɗauki jan bik ya gyara dikten yaron Tawa da ya rubuta zamna. Zai ja masa layi ne, ko zai ba shi maki?

Mushe yana da wani kaye mai bangon shuɗi inda yake rubuta kowace kalma da aka yi gardama a kanta, da garin wanda ya kawo ta, da sunayen shaidu. Ya ce ya kusa cika na biyu. Wadda take jiran hukunci yanzu ita ce hulla, da na Kumasi ya kawo daga bakin tsofaffin zango. Na Kano ya ce hula ce aka yi wa ƙari don ta cika gurbi biyar, direba ya tsaya shaida, ana neman na biyu.