Tukwanen da Na Ƙi Ƙerawa

Yau labarin sana'ata zan ba ku, wato walda, wadda da ita nake ci da iyali a nan Agege.

Wani maƙwabcina ne, injiniya Bayarabe, mutumin kirki wanda ko ranar sunan 'yata shi ya kawo kujeru, ya same ni a shago da zane a hannu. Ya ce, "Malam, tukwane uku nake so na sitenles, kowace lita 50." Ta farko ta dafa ruwa, ta biyu da rariya a gindi da famfo, ta uku ta tafasawa. Kuɗin aikin da ya faɗa ya isa ya biya wa yarana biyu kuɗin makaranta, ga shi lokacin an koro su gida.

Na tambaye shi abin da za a dafa, bai ɓoye mini ba, ya ce giya zai riƙa haɗawa a gida. Ya yi mini bayani cewa tsiron hatsi ake jiƙawa a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na kamar awa ɗaya, a tace, a tafasa, a huce da sauri, sannan a zuba yis. Har ya tuna mini cewa tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giya suka koma kan dawa, wato dawarmu ta Arewa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Zuciya ɗaya ta ce ƙarfe kawai za ka liƙa, ina ruwanka da abin da za a zuba? Ɗaya kuma ta ce da bai faɗa ba da sauƙi, amma yanzu ka sani. Tun muna yara malamai ke gaya mana cewa laifin giya bai tsaya kan mai sha ba, har da mai taimakawa. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne, zaman tare ne. Mu baƙi ne a garin nan, kuma kun san yadda ƙaramar magana kan zama ta ƙabila.

Da safe na je gidansa da kaina. Na ce, "Oga, ka yi haƙuri, addinina bai ba ni damar wannan aiki ba, amma duk wani aiki naka ina nan." Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce ya fahimta. Zanen ma ya bar mini.

To, a zanen nan na tsinci alheri. Uwargida tana sayar da zoɓo, kuma ta daɗe tana kukan cewa tsaminsa na cin tukunyar alminiyom. Sai na ƙera mata guda ɗaya da rariya da famfo, bisa ƙa'idojin da injiniya ya rubuta. Ƙarfen ya zama lamba 304, mai kashi 18 na kuromiyom da kashi 8 na nikel. Kada a dogara da mayen ƙarfe wajen gwaji, domin lamba 201 mai araha ma ba ya kama shi, amma ya fi saurin tsatsa. Waldar agon ake yi, a hura iskar ta ciki ma, in ba haka ba bayan ɗinkin ya ƙone ya yi kaushi, datti ya samu maɓoya. A goge ɗinkin ya yi santsi. Wajen wanki kuma ban da soson ƙarfe, ban da bilic, domin su ke jawo tsatsa da ƙananan ramuka.

Yanzu zoɓo na fita a tace, ba a ɗaga tukunya mai zafi. Mata huɗu a unguwa sun sa na yi musu irinta. Kuɗin makaranta dai sai da na ci bashi na biya, ban kuma gama biyan bashin ba sai bayan wata uku. Injiniya ya samu wani ya yi masa nasa, kuma har gobe ni ke gyara masa ƙofar gida.

Allah Ya ba mu halal, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.