Ƙwayar da Ta Daina Rabuwa

Karatu: 2 Korintiyawa 4:7-18

Dukanmu mun yi famfara. Mukan jefa haƙorin da ya faɗi saman ɗaki, mu rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin. Ashe ba mu san abin da muke yarwa ba. A shekarar 2003 Dakta Songtao Shi da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa a ɓargon haƙorin yaro akwai ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama ƙashi ko sashen haƙori.

Masana kan raine su a ɗakin gwaje-gwaje, cikin faranti mai ruwan abinci, da ɗumi na digiri 37 irin na jikin mutum. In faranti ya cika, a ɗiba a zuba a sabo. Da fari suna rabuwa da sauri, amma abin bai ɗorewa. Tun 1961 Leonard Hayflick ya gano cewa ƙwayoyin mutum da ake reno haka kan rabu wajen sau 50 su tsaya. Daga baya aka gane cewa bakin zaren gadonsu, wanda ake kira telomiya, yana gajarcewa a kowace rabuwa. Tsohuwar ƙwaya ba ta mutu ba. Tana ci, tana faɗi, amma ta daina rabuwa, ƙarfinta na rikiɗa ya ragu, har tana fitar da sinadaran da ke tsofar da maƙwabtanta. Ko an daskarar da ita shekaru, in aka narkar, daga inda lissafinta ya tsaya za ta ci gaba.

'Yan'uwa, wannan ya taɓa mu, mu da muka daɗe muna wa'azi da koyarwa. Sau nawa muka tsaya a bagade da saƙon da muka kwafa daga na bara, shi ma kwafin na bariya? Sau nawa muka buɗe baki addu'a ta fito da kanta, zuciya tana wani wuri? Ba mu fasa sujada ba, ba mu rasa abinci ba, amma mun daina haifar da almajirai, gunaguninmu kuma yana sanyaya gwiwar ƙannenmu. Mun gwada canza majami'a, mun gwada ɗaukar hutu, muka dawo da gajiyar da muka tafi da ita.

Mai bincike da ƙwayoyinsa suka tsufa yakan koma ga sabon haƙori. Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa lalacewar jiki ba ta hana Allah sabunta mu daga ciki kullum. Ku matasa, kada bangaskiyarku ta zama kwafin tamu. Mu buɗe Maganar da kanmu yau, mu faɗa wa Yesu gaskiyar halin da muke ciki.

Addu'a: Ya Uba, mun gaji, mun kuma ɓoye gajiyarmu. Ka sabunta mu ta wurin Ruhunka Mai Tsarki, cikin sunan Yesu. Amin.